Gwangwanin Mama Tabita

Lamisula, Maiduguri
Litinin kafin Larabar Toka

'Yata Monika,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Mubi lafiya, ya tsare motarku a hanya, ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, ya haɗa ki da mutanen kirki a asibitin da za ki kama aiki. Babanki ya ce in rubuta miki kada ki yi wasa da abinci. Na ce masa ai tun safe ya faɗa miki sau goma, takardata ba ta wannan ba ce.

Na cusa ta a ƙasan jakarki, cikin tsohon gwangwanin madara da na naɗe da ɗankwali. Na san abin da za ki ce: Mama ta fara rikicewa, ta haɗa ni da gwangwani babu komai ciki sai takarda. Kin san shi sarai, shi ne na saman kabad ɗin falo, wanda na hana ku taɓawa. Kada ki yar da shi. Ba nawa ba ne, na wata dattijuwa ce mai suna Tabita, tana nan Mubi inda za ki zauna, kuma na yi mata laifin da har yau ban nemi gafararsa ba. Ta girme ni, ni ma ba yarinya ba ce, ina tsoron ɗayanmu ta bar duniya maganar tana nan yadda take. Amma bari in bi da ke ta hanyar da na biyo, don in na faɗa miki kai tsaye za ki ce ai ba wani abu ba ne. Ni ma haka na yi ta cewa shekara da shekaru.

Jibi za a shafa toka, kuma wannan ne Azumin Kwana Arba'in na farko da za ki yi a bakin aiki. Da tokar zan fara, tunda ke ce kika kama ni. Kina 'yar shekara shida lokacin. Mun je Misar safe, Fada ya zana mini gicciye a goshi, baƙi ƙirin gwanin sha'awa. To kin san zafin garin nan. Kafin mu iso gida gumi ya wanke shi, sai ɗan dishi-dishi. Ga shi zan wuce makarantar da nake koyarwa, inda kowa ya san Malama Sisiliya 'yar Katolika ce ta gaske. Sai na leƙa madafa, na dangwalo toka daga murhu, na tsaya gaban madubi ina gyara gicciyena. Ban san kina bayana ba sai da na ji kin ce, "Mama, ke ma Fada ce?"

Na daka miki tsawa, na tafi aiki da gicciyen murhu a goshi. Amma tambayarki ta bi ni har cikin aji. Don wa na sake zana shi? Allah ai ya riga ya ga na farkon. Malaman makaranta na yi wa na biyun, su kuwa babu wanda ya ko ɗaga kai ya duba. Ki je a shafa miki toka, ko da za ki roƙi wata ta riƙe miki aikin safe. In gumi ya wanke ta, ki bar shi, ki shiga aikinki.

Na yi rayuwata ina yi wa 'ya'yan mutane tambayoyi a gaban allo, amma abin mamaki, duk tambayoyin da suka gyara ni daga bakin wasu suka fito. Ta biyu maƙwabciyarmu Ya Falmata ce ta yi mini. Wata Jumma'a ce ta azumi, na ɗora miyar kuka da bandar tarwaɗa irin ta Baga, manya-manya, ƙamshi ya tsallake katanga. Sai ga ta ta shigo aron rariya.

"Wushe, sannu Malama. Buki ake yi ba a gaya mana ba?"

Na ce, "Wane buki, Ya Falmata? Azumi muke yi. Ba ma cin nama ranar Jumma'a."

Ta buɗe tukunya, ta daɗe tana kallon kifin nan, ta rufe. Ta ce, "To Malama, in wannan ne azuminku, a sa sunana."

Muka yi dariya har da hawaye. Tana fita ta juyo ta ce, "Ni dai tambaya ce, ba raini ba. Me kika bari?"

Ta tafi da rariyar ta bar ni da tambayar. A gidanmu kowa ya fi son banda a kan nama. Babanki tun Laraba yake ɗokin Jumma'a. Na daɗe ina tunanin ko waɗanda suka fara wannan doka a ƙasarsu kifi abincin talaka ne, ban sani ba, in kin haɗu da Fada mai son hira ki tambayo mini. Mu dai nan mun bi dokar daidai, ba mu bar komai ba. Daga ranar ne Jumma'ar azumi ta koma ta wake da manja a gidan nan, abin da kika girma kina yi wa tsaki ke nan, kuma har yau babanki bai gama yafe wa Ya Falmata ba. Ki bi dokar coci, ba na ce ki raina ta ba. Amma kowace Jumma'a ki yi wa kanki tambayar Ya Falmata, in ba ki da amsa ki sake dubawa.

Waɗannan biyun da dariya nake tuna su. Ta ukun ba haka ba ce, gwangwanin nan ne ya yi mini ita.

Kin san al'adar matan cocinmu, amma bari in faɗa dalla-dalla, don ban sani ba ko ana yin ta a Mubi. Daga Larabar Toka kowace mace takan ajiye gwangwani kusa da murhu. Duk sanda ta auna abin da za ta dafa, sai ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a gwangwanin kafin ta ɗora tukunya. Ba daga buhun ajiya ake ɗiba ba, daga abincin ranar ake ɗiba, don cikin kowa a gidan ya san an rage. Ranar Lahadin Dabino, mako guda kafin Ista, bayan Misa, sai a jera buhuna a ƙarƙashin darbejiyar harabar coci, na shinkafa daban, na masara daban, na wake daban, kowa ta juye nata. Ranar Alhamis ta Mako Mai Tsarki a raba wa marasa hali, ba a tambayar kowa addininsa.

Shekaru da dama ni ce mai riƙe bakin buhu. Ina son aikin nan fiye da yadda ya kamata. Na san hannun kowace mace a cocin, wadda gwangwaninta ke cika da wadda take zuwa da rabi tana ɓoyewa da mayafi. A kaina mutanen coci kashi biyu ne, masu zubawa da waɗanda ake zuba wa, kuma na san ɓangaren da nake.

Mama Tabita ta zo ne lokacin da mutanenmu na bayan duwatsun Gwoza suka gudo garin nan. Doguwa ce, mai kaurin hannu, tana da jikoki uku a gabanta, an ba su kwana a ɗaya daga cikin azuzuwan harabar coci. Hausarta kaɗan ce. Babu wanda ya sa ta, amma kullum ita ke share harabar. Ranar Jumma'a a addu'ar Hanyar Gicciye, mu muna shimfiɗa ɗankwali kafin mu durƙusa, ita sai ta zube gwiwa a kan siminti mai zafi. Benci ɗaya muke zama. Ita ta koya mini zuba toka da barkono a cikin wake don kada ƙwari su ci. Mun fara shaƙuwa, Monika, ina jin daɗin zama kusa da ita.

Ranar Lahadin Dabinon shekarar, ina riƙe da buhun masara, sai na hango ta a layin masu juyewa. Na ɗauka ta rikita ranaku ne. Da ta iso na ce, "Mama Tabita, ba yau ake rabo ba, sai Alhamis."

Ta buɗe gefen zaninta ta fito da gwangwanin nan, cike har baki da masarar agaji, irin wadda ake ba su a harabar. Ta ce, "Na kawo nawa."

Kin san abin da na yi? Na dunƙule bakin buhun da hannuna. Na yi murmushi, na ɗaga murya yadda matan da ke bayanta za su ji kirkina, na ce, "Haba Mama, ke da ake tara wa? Koma da shi ki dafa wa jikokinki. Allah ya ga niyyarki."

Wasu a layin suka ce, "Gaskiya ne, Malama." Mama Tabita ta tsaya da gwangwanin a hannu. Ta dube ni, ta dubi hannuna a bakin buhun. Sannan ta sunkuya ta ajiye gwangwanin a ƙasa, gefen ƙafata, ta ce, "Tun Larabar Toka nake tarawa." Ta juya ta tafi.

Ranar Alhamis na ɗauki rabonta da kaina na kai mata, na haɗa da gwangwanin. Ta karɓi rabon da hannu biyu, ta yi godiya yadda ya kamata. Da na miƙa gwangwanin sai ta mai da hannunta baya. Ta ce, "Wannan ya riga ya fita daga hannuna, Malama. Ba na cin abin da na bayar."

Na dawo gida raina a ɓace, ina cewa ga talauci ga girman kai. An riga an gama rabo, babu buhun da zan juye. Na duba masarar na ga ƙwari sun fara huda ta. Sai na watsa wa kaji. Kaji, Monika. Abin da tsohuwa ta rage daga bakin jikokinta kusan kwana arba'in, cikin tafi bayan cikin tafi, na tsaya a tsakar gida ina kallo kajina suka tsince shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai Fada, yau kuma ke.

Lahadin da ta biyo baya ta koma bencin baya. Ba ta daina gaishe ni ba, "Sannu Malama, ina gajiya," shi ke nan. Bayan kamar shekara biyu ɗanta ya zo ya ɗauke su zuwa Mubi, a bakin wasu na ji.

Me ya sa na ajiye gwangwanin? Ba don nadama ba, kada in yi miki ƙarya. Abin ne ya ɗaure mini kai, ni kuma ba na iya yar da tambayar da ban amsa ba. Ina laifina? Ban zage ta ba, ban hana ta rabonta ba, tausayinta na ji. Na tambayi babanki, ya ce sha'anin mata ne, ya koma kan rediyonsa. Sai na ɗora shi saman kabad, duk azumi in na ɗaga kai in gan shi in sake juya maganar, in sake wanke kaina.

Ambaliyar da ta ci garin nan ce ta ba ni amsa. Kina makarantar koyon jinya lokacin, abin da kika gani bayan mun kwashe laka ne. Ruwa ya kai taga. Shinkafa, wake, katifu, takardun babanki, kajin ma duka sun tafi. Da muka dawo, abin da ya rage a bushe a falon nan shi ne gwangwanin da ke saman kabad. Har dariya na yi don takaici.

Daga nan na koma ɗaya ɓangaren buhun. Ƙarƙashin darbejiyar nan dai, na shiga layi da roba a hannu, yarinyar da na koya wa karatu a aji uku ita ke auna mini shinkafa tana cewa, "Sannu Malama, Allah ya mayar da alheri." Babu wanda ya wulaƙanta ni, kowa kirki ya yi mini. Wannan ta kawo zani, waccan ta kawo tukunya, Ya Falmata da ita ma ruwan ya ci ta raba tabarmarta biyu da ni. Ni kuwa sai "na gode, na gode," safe da yamma. Ban taɓa sanin kalmar nan tana da nauyi ba sai da na yi watanni ina faɗinta ban ji an ce mini ita ba ko sau ɗaya. Na ji kamar an cire ni daga cikin mutane an ajiye ni a gefe ana kula da ni.

Azumi ya zo muna cin shinkafar agaji. Ranar Larabar Toka na auna abin dafawa, sai na ga hannuna ya ɗebi cikin tafi da kansa, ya saba. Na tsaya da shinkafar a hannu. Mu biyu ne a gidan, abin da ke robar ma da ƙyar zai kai mu. Amma na nemo kwano na zuba, kuma ranar na ci abinci da daɗin da na daɗe ban ji ba.

Lahadin Dabino na tafi da kwanona a ƙarƙashin mayafi. Mai riƙe da buhun shinkafa a shekarar Mama Obinna ce, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi a kasuwa, kin san bakinta ba ya da birki. Ina cikin layi ina addu'a ɗaya tak, Allah kada ya sa matar nan ta tausaya mini. Da na iso ta leƙa kwanon. Ta gane shinkafar, ai ita ma irinta take ci, ruwa ya shanye mata shago. Ta dube ni, ta ware bakin buhun ta ce, "Malama, zuba mana, hannuna ya gaji. Mutane suna jira."

Na juye. Ta ce, "Na gode. Na gaba!"

Na zagaya bayan coci na zauna a kan dakali na yi kuka kamar yarinya. Ba don kaina ba. Hannuna na tuna, a dunƙule a bakin buhu, da tsohuwar nan a tsaye. An ƙwace mata gida, an ƙwace mata gona da rumbu, abu ɗaya ya rage mata da za ta tsaya da shi cikin mata a matsayin 'yar cocin nan, ba baƙuwar da ake ciyarwa ba. Shi ne ni na ƙwace, ina murmushi.

A makon na je furta zunubi. Fadanmu na yanzu yaro ne, sa'an yayanki, amma da na gama sai ya ce, "Mama, Allah ya ji. Ita kin faɗa mata?" Ga tambaya ta huɗu ke nan, kuma ita ce ban amsa ba har yau. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya bincika mini, ya ce tana da rai, tana wajen ɗanta Bitrus kafinta, kuma katikis ɗin babban cocin Mubi ya san gidan. An ba ni lambar waya, na kasa bugawa. Na san za ta ce ba komai don kunya, magana ta mutu. Gwiwoyina kuma ba za su iya hanyar ba. Da takardar aikinki ta fito na ga an rubuta Mubi, kowa yana murna, ni saman kabad na kalla.

Kafin in faɗi roƙona, ga abin da nake so ki riƙe a aikinki. Za ki yi jinyar mutanen da ba su da komai. Wata rana tsohuwa za ta kwance bakin zani ta miƙo miki ƙwai biyu, ko gyaɗa cikin leda. Ba maganar masu neman a tsallake da su layi nake yi ba, wannan kin san hukuncinsa. Ina nufin wadda ta warke tana son ta gode. Bakinki zai so ya ce, "Haba Mama, ki bar shi." Ki haɗiye wannan maganar. Ki sa hannu biyu ki karɓa, ki ce kin gode, in da hali ki ɓare gyaɗar a gabanta. Na koya miki bayarwa tun kina ƙarama, amma ban koya miki karɓa ba, don ni ma ban iya ba.

To ga roƙona. Lahadin farko, bayan Misa, ki nemi katikis ya nuna miki gidan. Kada ki tafi da komai, ba shinkafa, ba atamfa, ba sabulu, na san hannunki irin nawa ne, ki danne shi. Ki durƙusa ki gaishe ta. In ta ba ki ruwa ki sha, in ta zubo abinci ki ci har ki nemi ƙari. Ki tambayo mini sunan ƙauyensu da abin da take nomawa, benci ɗaya muka zauna ban taɓa tambaya ba. Sannan ki kwance ɗankwalin ki miƙa mata gwangwanin. Ki ce Malama Sisiliya ta Lamisula ce ta aiko ki, ta ce ta rufe miki buhu ranar Lahadin Dabino, ta yi kuskure. Ki faɗa mata maganar kajin ma, kada ki rage, ba na son gafarar da aka ba ni a kan rabin labari. Ki ce bana an sake ba ni riƙon buhun masara, kuma ina roƙonta, in ta yarda, ta cika shi.

Wataƙila ta ƙi. Tana da iko, kada ki matsa mata, kada ki kare ni. Ki ajiye shi a gefen ƙafarta ki yi sallama, nata ne. In kuwa ta karɓa, ki koma ranar Jumma'a kafin Lahadin Dabino ki ɗauko, ki ɗaure bakinsa da kyau ki ba direban motar Maiduguri, babanki zai je tasha. Ko rabi ne, ko da ƙwari ne, haka nake son sa.

Allah ya tsare ki, 'yata, ya tsare shigarki da fitarki, ya sa albarka a hannunki ga marasa lafiya. Uwarmu Maryamu ta yi miki roƙo. Ki riƙe carbin rozarinki, ki nemi benci a cikin mata, ki samo gwangwanin kanki ki ajiye kusa da risho ko da ke kaɗai kike dafawa. Allah ya kai mu Ista da rai da lafiya, ni da ke da Mama Tabita.

Ranar Lahadin Dabino zan tsaya ƙarƙashin darbejiyar nan. In matan sun gama juyewa za a ɗaure buhun shinkafa, a ɗaure na wake. Na masara yana hannuna, kuma ba zan ɗaure shi ba sai na ji daga gare ki.

Mamanki,
Sisiliya